Ana bi na bashi, na kashe waya na daina shiga kasuwa, yanzu ina tunanin barin gari

Tambayar wani ɗan uwa ce, na taƙaita ta: ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ya karɓi shadda da atamfa bashi a hannun wani Alhaji dila da suka daɗe suna hulɗa, kuɗin sun kai naira miliyan 3 da wani abu. Ya sayar da wasu, ya ba 'yan sari wasu bashi su ma har yau shiru, ragowar kuɗin hidimar gida da ta asibiti suka lashe. Wata uku kenan baya ɗaga wayar Alhajin, ya canza layi, ya daina bi ta layin shagonsa, a tsakani kuma ya ci bashi a manhajar waya don ya rufe wani adashi. Yanzu an ce masa Alhaji zai kai shi wajen 'yan sanda, shi kuma yana tunanin ya tafi Legas ko Agadas ya nemi kuɗi, in ya samu ya dawo ya biya.

Toh ɗan uwa Allah ya yaye maka, ya buɗa. Ni lauya ne kuma yawancin aikina sulhu ne tsakanin masu bin bashi da waɗanda ake bi, don haka zan faɗa maka abin da nake faɗa wa duk wanda ya zauna gabana da irin wannan maganar: kada ka tafi ko'ina tukuna. Ka je ka sami mutumin nan cikin satin nan, kafin shi ya same ka. Amma fa ba wai ka tashi ka faɗa masa shago hannu rabbana kana ba shi haƙuri ba, akwai shirin da ake yi.

Ka fara da leƙa zuciyar Alhajin, don kai tunda abin ya faru kanka kawai kake ji. Dila a Kwari shi ma galibi kayan mutane ne a hannunsa, ko na kamfani ko na wanda ya yo masa oda daga Chana ko Dubai, kuma da dala ake lissafin. Tun watan Yuni na 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a 2024, ga tallafin mai da aka cire a ƙarshen Mayun 2023, babu ɗan kasuwar da bai ga wanda jarinsa ya karye a gabansa ba. Wato karyewarka ba wani abin mamaki bane a wajensa, bashi hanji ne yana cikin kowa. Abin da ba zai iya haɗiyewa ba shine shirun nan naka. Wanda ya zo ya ce Alhaji na faɗi, ana kiransa wanda ya faɗi. Wanda ya kashe waya ya canza layi kuma sunansa wanda ya gudu da kuɗi, ko da kuwa a zuciyarsa yana da niyyar biya, don Alhaji baya ganin zuciya, layin da baya shiga yake gani. Kuma kullum kuɗinsa na hannunka raguwa suke, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, kaga miliyan 3 ɗin da za ka kawo masa bayan shekara biyu daga Legas ba za su sayo masa bandir ɗin da ya ba ka ba. Shi ya san wannan lissafin sarai, shi yasa ransa ke ƙara ɓaci duk wata.

Sai maganar 'yan sanda da ta hana ka barci. A doka, cin bashi da kasa biya ba laifi bane da ake kama mutum a kansa. Dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 32(2) ta faɗa ƙarara cewa ba a kama mutum don kawai saɓa yarjejeniya ko rigimar da ta shafi haƙƙi tsakanin mutum da mutum, haka dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 sashe na 8(2) ta ce, sannan sashe na 7 na wannan dokar ya hana a kama wani a madadin wani, wato ba a ɗauke ƙaninka ko mahaifinka don a matsa maka ka fito. Kotuna sun sha nanata cewa 'yan sanda ba 'yan karɓar bashi bane. Wannan a takarda kenan. A zahiri kuwa kowa ya san ana kai mutane caji ofis kan bashi, kuma yadda ake yi shine mai ƙara baya rubuta "ina bin sa bashi", sai ya rubuta zamba ko cin amana, waɗanda su laifuka ne a kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa. To da me zai nuna cewa tun farko da niyyar cuta ka karɓi kayan? Da abin da kake yi yanzu mana. Ya canza layi, ya daina zuwa kasuwa, an je gidansa an ce baya nan, yanzu ma an ce ya bar gari. Kai da hannunka kake haɗa masa hujja, kuma ranar da ka hau motar Legas ka cike masa ita.

Akwai wani bambanci da nake so ka duba da kyau don shi ne ke raba mai sauƙi da mai wuya. In sayar maka da kayan yayi akan za ka biya daga baya, kaya sun zama naka, kuɗi ne kawai a wuyanka, wannan bashi ne zalla. In kuma cewa yayi ga kayana ka sayar min ka kawo kuɗina ka ɗauki la'adarka, toh kayan amana ne a hannunka, kuma kashe kuɗinsu a hidimar gida yana iya shiga cin amana da gaske. A kasuwanninmu da yawa ba a rubuta komai, da baki ake yi, sai a zo gaban alƙali kowa ya faɗi nasa. In naka irin na biyun ne to gaggawar zuwa ta ma fi yawa. Haka in ka taɓa ba shi cek alhali ka san babu kuɗi a asusun, akwai doka tun 1977 da ta sa ɗaurin shekara 2 babu zaɓin tara akan wannan, don haka ko a zaman sulhu kada ka yarda ka rubuta cek na wata mai zuwa da fatan kuɗi za su shigo.

In kotu ya kai ka fa? Ba ƙarshen duniya bane. Ko kotun shari'ar Musulunci, ko kotun majistare, a Kano ma tun 2019 akwai kotun ƙananan basussuka da aka buɗe bayan ta Legas ta 2018, wadda lokacin buɗe ta take sauraron bashin da bai wuce miliyan 5 ba. Za a kawo maka sammaci, ka je, ka amsa abin da ka san ana bin ka, ka roƙi a yanka maka biya kaɗan kaɗan, kuma alƙalai suna yin hakan. Wanda ke shan wuya shine wanda aka aika wa sammaci ya ƙi zuwa, sai a yanke hukunci a bayan idonsa da lissafin mai ƙara kaɗai, har da abin da ya riga ya biya in babu wanda zai ce ya biya, daga nan sai maganar kamen kaya.

Na san duk wannan ba sabo bane gaba ɗaya a wajenka, kuma na san ba rashin hankali ne ya sa ka ɓuya ba. Abin da ke faruwa masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gane shi. Waya ta yi ƙara, ka ga sunansa, gabanka ya faɗi, ka kife ta, nan take ka ji wani sanyi a ƙirji. Wannan ɗan sanyin shine tarkon, don zuciya tana koyon cewa kaucewa ce magani, gobe in ta sake ƙara sai hannu ya riga tunani. Tsoron kuma baya raguwa, ƙaruwa yake, saboda baka taɓa tsayawa ka ga abin da zai faru da gaske ba, kullum mafi muni kake hasko wa kanka da daddare. Da farko kiransa kawai kake gudu, sai ya zama layin shagonsa, sai masallacin da yake sallah, sai ɗaurin auren da kake zaton zai je, yanzu ga shi garin ne ma gaba ɗaya ya yi maka ƙunci. Kuma bashin ya zama biyu, na kuɗi da na bayani, har ma na bayanin ya fi yi maka nauyi, don in ka tuna "me zan ce masa game da wata ukun nan" sai ka ƙara sati. Kamar maruru ne, kana tsoron a taɓa saboda zafi shi kuma yana ta tara ruwa, zafin matsewar na minti kaɗan ne amma kai ka zaɓi na wata uku.

Abin da za ka fara yi yau da daddare, ka ɗauki biro da takarda ka rubuta komai. Nawa ne asalin kuɗin kayan, nawa ka biya da yaushe, ka binciko alat da rasit da saƙonnin WhatsApp. Za ka yi mamakin yawan mutanen da ke zuwa wajena suna kuka da bashi amma in na ce nawa ne daidai sai su ce "zai kai kaza", don tsoro ya hana su ko kallon littafin. A ɗaya gefen ka rubuta abin da ke hannunka: kayan da suka rage ba a sayar ba, abin da zaka iya sayarwa ba tare da ka tsayar da neman abincinka ba, abin da kake samu a wata tsakani da Allah, da kuma bashin da kake bin 'yan sarin nan. Af, su ma ɗin nan, ka tuna yadda kake ji in ka kira ɗaya daga cikinsu bai ɗaga ba, da yadda kake ji da wanda ya ɗaga ya ce wallahi babu amma ga dubu 20 ka fara riƙewa. Wanne kake tunanin kai wa ƙara a cikinsu? Toh haka Alhaji yake ji. Kuma su ma lokaci yayi da za ka taka ƙafa ka je ka zauna da su, na lura mai gudun wanda ke bin sa sau da yawa yana jin nauyin tambayar nasa haƙƙin ma.

Kada ka tafi kai kaɗai. Ka nemi mutum ɗaya da Alhajin ke jin kunyarsa, ko wanda ya haɗa ku tun farko, ko dattijo cikin shugabannin layinku a kasuwa, ko limamin unguwarsu. Shi za ka fara faɗa wa gaskiya duka, kada ka rage, don babu abin da ke kashe sulhu kamar mai shiga tsakani ya ji wani sabon zance a bakin ɗaya ɓangaren. Kafin ku je ka tura saƙo da sabon layin naka, gajere: "Salamu alaikum Alhaji, wane ne. Na san na yi laifi da na yi shiru. Kuɗinka suna wuyana ban musa ba. Ina neman izini in zo in same ka ranar kaza tare da Malam wane." Wannan saƙon kaɗai ya rushe rabin zargin gudu, kuma ka adana shi. Ku zaɓi lokacin da ba cinkoson masu saye, ko ma gida in ya yarda, don mutum a gaban yaran shagonsa dole ya nuna zafi.

Zai yi faɗa, ka sa wannan a ranka tun daga gida. Zai iya cewa ka ci amanarsa, ya tuno maka alherin da yayi maka, ka yi shiru ka bar shi ya sauke, yana da gaskiya akan shirun da kayi. Kada ka fara da labarin asibiti da tsadar rayuwa, wannan sai daga baya in ya tambaya. Ka fara da amsa laifi, sannan ka ajiye abin da ka zo da shi. Kayan da suka rage ka mayar masa a rage daga lissafi, wannan ma yana da asali a shari'a, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya sami kayansa da idonsu a hannun wanda ya karye shi ya fi kowa cancanta da su. In da kuɗi ko dubu 100 ne ka ɗora akai. Sannan alƙawari, kuma nan ne mafi yawan mutane ke sake faɗawa rami: kunya da zafin zama sai su sa mutum ya ce "ƙarshen wata zan kawo miliyan ɗaya" alhali ya san babu inda za ta fito, wata ya ƙare, ya sake kashe waya, wannan karon kuma babu dattijon da zai sake raka shi. In lissafinka ya nuna zaka iya dubu 150 a wata, ka ce dubu 100. Gara ya raina adadin amma ka cika, wata uku a jere kana turawa ranar da ka ce, zaka ga muryarsa ta canza. Na ga dilolin da bayan irin haka suka sake ba mutum kaya don ya juya ya samu abin biya, ba don tausayi kawai ba, su ma sun san wanda ke zaune a gida baya biyan bashi.

Duk abin da kuka tsayar a rubuta, jimillar kuɗi, abin da aka mayar, nawa duk wata da wace rana, ku sa hannu da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, akan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai mu ce ai akwai yarda. Biya kuma ta tiransifa, in hannu da hannu ne a rubuta maka rasit. Kada ka sa hannu a farar takarda, kada ka ba da takardar gidan gado da kuke da yawa a ciki jingina, kada ka sa sunan wani a matsayin mai tsaya maka bai sani ba.

Tunda na taɓo addini bari in ƙarasa, don wasu suna fakewa da shi ta gefen da ya yi musu daɗi. Gaskiya ne Allah ya ce a Baƙara aya ta 280 in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa zuwa lokacin da zai samu sauƙi. Amma ta yaya mai bin ka zai san kana cikin ƙunci in baka zo ka nuna masa ba? A wajensa kana iya zama cikin waɗanda Annabi (SAW) ya ce jinkirin mai hali zalunci ne. Ka duba ƙissar Ka'abu bn Malik da Ibn Abi Hadrad, a masallaci suka ɗaga murya akan bashi har Annabi (SAW) ya ji daga ɗakinsa, ya yaye labule ya yi wa Ka'abu nuni ya yafe rabi, ya ce na yafe, sai ya ce wa ɗayan tashi ka biya shi. Rangwamen rabi ya samu ne don suna wuri ɗaya ana jin su. Kuma Nana A'isha ta ruwaito cewa da aka tambayi Annabi (SAW) me yasa yake yawan neman tsari daga bashi, ya ce mutum in bashi ya kama shi sai yayi magana yayi ƙarya, yayi alƙawari ya saɓa. Ka auna wata ukun nan da wannan, sau nawa aka ce wa mai sallama baka nan alhali kana ciki, har yara ma an koya musu faɗa. Sannan kada girman kai ya hana ka neman taimako, waɗanda bashi ya danne suna cikin mutum takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Tauba cewa zakka ta halatta gare su, in kana da ɗan uwa ko maƙwabci mai fitar da zakka ba abin kunya bane ya sani.

Zai iya ƙin yarda fa, ban ce dole ya karɓa ba. Jabir bn Abdullah da mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu ya bar masa bashi, har Annabi (SAW) ya nema masa rangwame a wajen masu bin bashin suka ƙi. In Alhaji ya ce shi kuɗinsa yake so duka yanzu, ka ce ka ji, ka fara tura abin da ka ce zaka iya duk da haka, kuma kai da kanka ka nemi a zauna a Hisbah ko a sashen sulhu na babbar kotun jiha. Mutumin da ke da saƙon neman zama, da shaidar dattijo, da alat na biya uku, da wuya a iya tabbatar masa da zamba a gaban kowane alƙali.

Bashin manhaja kuma ka tsaya haka nan, kada ka ƙara ko sisi, gudun gara ne ake faɗawa gidan zago, ruwan da masu manhajar suke ɗorawa a sati biyu babu cinikin atamfar da ke kawo shi. Makaminsu tonon asiri ne, su bi lambobin wayarka suna tura saƙon ɓatanci. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara sa musu ƙa'ida tun 2022 kuma tana karɓar ƙorafi, Google ma a 2023 ta hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane, amma har yanzu akwai masu yi. In ka riga su faɗa wa na kusa da kai, makamin ya mutu. Ka kuma sani canza layi baya ɓatar da kai, BVN da NIN suna nan, tun Agustan 2020 ma CBN ta ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga wasu asusun mutum da ke wasu bankuna.

Uwargida ta sani? In bata sani ba ka faɗa mata kafin ka je wajen Alhaji. Ta riga ta ga baka barci kuma kana zabura in an yi sallama, ƙila ma tana zargin wani abu da ya fi bashi muni. Ita ce za ta taya ka rage kashe kuɗi a gida, kuma gara ta ji a bakinka da ta ji a bakin ɗan sanda a ƙofar gida. In kuma damuwar ta kai har kana jin gara ka mutu ka huta, wannan kada ka riƙe shi kai kaɗai ko kwana ɗaya, ka faɗa wa wani yau, ku je asibiti, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano da kuma asibitin Dawanau, damuwa ciwo ce da ake magani.

Tafiya neman kuɗi ba laifi bace, in bayan an zauna an rubuta ka ga a Legas ɗin ne zaka fi samu, ka tafi da saninsa, ka bar masa lambarka da ta wanda zai tsaya maka a gari. In kuma kafin ka shirya takardar gayyata ta riga ta iso daga 'yan sanda, kada ka ƙi zuwa. Ka je da lauya ko wani babba da zai iya tsaya maka beli, da takardar lissafin nan da duk rasit ɗinka, ka faɗa a bayaninka cewa bashin ciniki ne kuma baka musa ba, ka karanta abin da aka rubuta kafin ka sa hannu. Ka je da safe a farkon mako, kada ka kuskura ka je ranar Juma'a da yamma, don in magana ta yi tsawo sai Litinin.